Maganar da Kika Hana Ni Maimaitawa

Zuwa ga Malama Habiba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ɗaliba ga malamarta. Yaya jiki, yaya mutanen gidan Yayanki a Baure? Allah Ya sa sauƙi yana samuwa.

Ki yafe mini wannan karambani. Na san ban kai in rubuta miki ba, balle in rubuta a inda kowa zai gani. Ni ce Safiya, ta bencin gaba kusa da taga, wadda kike kira mai tsadar magana. Ba ni da waya. Yaya Maryam ce ta ara mini tata, ta ce in sa a shafinta, tunda 'yarki Ummi tana bin shafin, za ta nuna miki. Na so in kira ki, sai aka ce tun bayan aikin da aka yi miki a maƙogwaro a Kano, in an kira sai dai ki saurara. Na ga bai dace in sa ki riƙe waya kina jin muryata, ke babu ta amsawa ba.

Akwai abin da na yi a taron iyayen yara, kuma ya shafe ki. Gara ki ji daga wurina kafin ki ji a bakin wani. Amma sai na faro daga baya, domin masu karantawa tare da ke ba su san mu ba.

Kin tuna daminar bara, da iska ta yaye rufin ajin da ke kusa da namu, aka kwaso 'yan ajin aka zuba mana. Masu benci suna benci, masu tabarma suna ƙasa, wasu a bakin taga. Ajin babu silin, kwano ne kawai a kanmu. In ruwa ya sauko sai ka ce ana surfe a saman ɗakin. Wasu malaman kan ajiye alli su jira ya ɗauke. Ke ba ki taɓa jira ba. Sai ki ce, "Ruwa yana aikinsa, mu ma mu yi namu," ki ɗaga murya har ta kai bangon baya.

Darasi uku kike ɗauka a lokacin, tun da malamin noma ya yi ritaya ba a aiko wani ba. Daga ajinmu ki shiga na gaba, daga can ki dawo, babu zama. Allonmu kuma kin san shi, wanda muke fasa tsohon batir mu goga masa baƙinsa. Kafin a tashi, mayafinki ya yi fari da baƙi, kina tari kina kaɗe shi.

Da muryarki ta fara dishewa, dariya muka yi. Muka ce Malama ta sha ƙanƙara. Kika ce mura ce, za ta wuce. Damina ta yi nisa, dishewar ba ta wuce ba.

Ranar da kika fara kirana, kin buɗe baki ne za ki kira sunaye, babu abin da ya fito sai iska. Kika dubi ajin, kika yafito ni da yatsa. Na waiga baya, na zaci da wata kike. Ni da ko izinin fita ba na iya nema. Na zo, kika sunkuyo daidai kunnena kika ce, "Abin da na faɗa shi za ki faɗa. Kada ki ƙara, kada ki rage. Zuwa jarrabawa ne kawai."

Kalmar farko da na faɗa ko bencin gaba ba ta wuce ba. Bilki ta yi ihu daga baya, "Lasifika, batirinki ya yi sanyi!" Aji ya kwashe da dariya, sunan kuma ya bi ni har yau. Ba ki yi fushi ba. Kika buga tebur da zobenki, aka yi tsit. A ranar muka ƙulla alamarmu: in kin buga sau ɗaya, in dakata, in kin buga sau biyu, in ci gaba. Kin buga biyu. Na ci gaba.

Malama, ban taɓa gane karatu kamar a wancan zangon ba. Kowace kalma sai ta bi ta kunnena ta fita ta bakina kafin ta kai ga kowa. Har yanzu in na ji warin man zafi sai in tuna ki, domin shi kike shafawa a wuya. Hannunki yana kan kafaɗata, in na yi sauri ki ɗan matsa, in na yi daidai ki saki. Da labari ya kai gida, Inna ta ce, "Ashe bakin yana aiki, ajiye shi kika yi don kada ya tsufa." Na ji daɗi. Ina ganin girma aka ba ni.

Inna ce ta dafa miki citta da kanumfari da lemon tsami, ta zuba zuma, ta ba ni a filas. Kika karɓa da hannu biyu, kika sa mata albarka, kika ajiye a ƙarƙashin tebur. Har aka tashi ba ki buɗe ba. Washegari ma haka. Na zaci ba kya so ne, kunya ta hana ki faɗa.

Sai wata rana ana zafi, ni kaina maƙoshina ya bushe da magana. Na roƙi izini na je famfo na sha, na ciko miki kofi. Na ga leɓɓanki sun tsattsage. Na miƙa miki, kika dubi ruwan kamar mai azumi ana dab da kiran salla. Kika jawo ni kika raɗa mini, "In na sha, ina zan je?"

Saboda sabo, na juya ga aji na buɗe baki zan maimaita. Kika damƙe mini wuyan hannu har sai da na ji zafi. Kika buga tebur sau ɗaya. Kika ce, "Wannan ba ta aji ba ce."

A ranar na fahimta. Iskar da ta ɗauke rufin aji ita ce ta kayar da bangon bayin malamai mata. Na maza, wanda ke jikin masallaci, yana nan lafiya. Namu na ɗalibai babu ƙofa, ga layi, ga abin da ba zan rubuta ba. Malamar da ta bi layi da buta a bayan ɗalibarta, da wane ido za ta dube ta a aji? Gidajen maƙwabta kuwa, a yi sallama yau, a yi gobe, jibi fa? Sai kuka zaɓi abin da ba ya buƙatar roƙon kowa: daga karin safe babu mai sa ruwa a baki sai ta koma gida. Na fara lura da gorunanku na ruwa. Yadda suka zo a cike, haka suke komawa.

Ni ba likita ba ce, ba zan ce ƙishirwa ce ta kawo miki ciwon ba. Allah ne Ya san asalinsa. Abin da na sani, da kika je asibiti a Katsina, abu biyu aka ce miki: ki huta da magana, ki yawaita shan ruwa. Makarantarmu ba ta da wurin ko ɗaya daga cikinsu.

Ina tsaye a bayanki riƙe da littattafanki ranar da kika kai wa Hajiya shugabar makaranta takardar likita. Ta karanta, ta cire tabarau ta ce, "Habiba, hutu haƙƙinki ne, amma wa zan damƙa wa darussanki uku? Bari in rubuta a aiko mana wani, ki ɗan daure." Ta rubuta, na yarda ta rubuta. Kika daure.

Baƙi sun zo daga ofis a cikin wannan zangon. Suka tsaya a bakin taga, suka ga ɗaliba tana bayani da murya garau, malama a gefenta, aji tsit ana rubutu. Babban cikinsu ya ce ga malamar da ta iya horar da yara, a yi koyi da ita. Kika yi murmushi kika sunkuyar da kai. Ni ma na yi murmushi. Sai bayan tafiyarki na zauna na yi tunani: ajin da ba a taɓa ji darasi ya tsaya a cikinsa ba, wa zai aiko masa da malami?

Ranarki ta ƙarshe ba mu san ta ƙarshe ba ce. Kin yi tari a hankici, kika yi saurin dunƙule shi, amma ni ina kusa, na ga launinsa. Muna tsakiyar bayanin yadda saiwa ke jan ruwa daga ƙasa. Kika ajiye alli, kika ɗauki jaka, kika tsaya a bakin tebur kina kallonmu. Kika buga sau biyu, kika fita. Na ƙarasa shafin daga littafi ina kuka, babu wadda ta yi mini dariya.

Sai da kika tafi, sai ga malama an aiko. Malama Amina sunanta, yarinya ce, ba ta fi Yaya Maryam ba. Daga wajen Dutsi take zuwa a mashin kullum, ta bar jaririnta wurin surukarta. Ranar da ta fara shigowa, muryarta kamar ƙararrawa, har 'yan ajin kusa suna jin darasinmu. Bilki ta ce, "Lasifika, an sallame ki daga aiki." Na ce alhamdu lillahi, har zuciyata.

Amma aji bai sauya ba, Malama. Rufin can ba a mayar ba, kwanon nan bai daina kuka ba, bangon bayin yana kwance inda ya faɗi, har ciyawa ta rufe shi. Damina ta sake zagayowa. Na sa ido a kan gorar Malama Amina. Mace mai shayarwa, amma a cike take mayar da ita gida. Kwanan baya na ji ƙarshen maganarta ya fara karcewa, irin karcewar da na sani.

Ta kira ni bayan darasi ta ce, "An ce ke ce lasifikar Malama Habiba. Ki taimake ni, zuwa jarrabawa ne kawai." Ƙarshen maganar naki ne sak. Ban iya ce wa malama a'a ba, ba a koya mini ba. Na dai sunkuyar da kai, har ta gaji ta ce in je in zauna.

Da aka sa ranar taron iyayen yara, na sami Baba yana shirin tafiya kara, kasuwar dabbobi. Na durƙusa na gaya masa komai, ina kallon ƙasa, na roƙe shi ya tayar da maganar. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Ke Safiya, a gaban maza zan miƙe in yi zancen bayin matan mutane? Mazajensu su ce me? Ki nemo wani zancen." Inna kuwa ba ta zuwa taro, kamar yawancin iyayenmu mata. Su malaman kin san ba za su faɗa ba. Shekara guda kowa ya sani, kowa yana jiran wani ya fara.

Ranar taron, ni da wasu aka sa mu raba wa baƙi ruwan leda. Na bi layin iyaye, kowa ya ɗauka, wani har biyu. Na zo layin malamai mata, ɗaya bayan ɗaya suna ɗaga mini hannu suna cewa alhamdu lillahi. Aka yi zancen fentin ƙofar makaranta. Aka yi zancen makara da na masu zuwa da takalmin da ba na makaranta ba. Sai wani uba ya miƙe ya ce shi ƙorafinsa a kan malamai mata ne, ana kusa da tashi sai ka ga suna sauri kamar ana korarsu, wasu ma su sulale kafin a kaɗa ƙararrawa, ba su da kishin aiki. Wasu suka ce gaskiya ne. Na dubi malamanmu, kowacce idonta a ƙasa.

Ban san lokacin da na ajiye faranti ba. Ban nemi izini ba. Na tsaya a tsakiya, na fitar da muryar nan da kika gina mini, wadda ke kai wa bangon baya ko ana ruwa. Na ce Malama Habiba, wadda yau ba ta magana, na taɓa ba ta ruwa ta ce mini, "In na sha, ina zan je?"

Na faɗe ta, Malama. Maganar da kika riƙe mini hannu a kanta. Na faɗe ta da sunanki, a gaban maza, a gaban Babana. Kuma wannan karon na ƙara. Na faɗi zancen bango, da na gora, da na takardar likita, da dalilin da ya sa malamanmu ke gudu gida. Na ce ga Malama Amina nan, a saurari muryarta.

Malamai mata suka ja mayafi suka rufe fuska. Wani a baya ya yi 'yar dariya ya haɗiye ta. Shugaban taro ya gyara hula ya ce, "To, yarinya ta yi magana, za a duba." Wani tsoho ya tambaya da ƙarfi, "Wannan 'yar wace ce?" Na ji kamar ƙasa ta buɗe. Sai da aka ɗan jima na ji muryar Baba: "Tawa ce."

Ya ɗauko ni a mashin muka koma gida. Da muka shiga ya ce wa Inna, "'Yarki ta tsinka ni a gaban jama'a." Ya cire takalmi, ya zauna, ya ce, "Sai dai ba ta yi ƙarya ba."

Hajiya ta kira ni ofis. Na tafi da shirin bulala, ba ta taɓa ni ba. Ta ce, "Kin faɗi abin da na gaji da rubutawa, amma kin tona mana asiri, mu da muke iyayenki." Akwai malaman da yanzu in na gaishe su sai su amsa suna kallon wani wuri. Ban ga laifinsu ba. A gari an fara yi da su, yaran unguwa sun sami abin tsokana. Wannan nauyin ni na ɗora musu, kuma na ɗora miki, kina kwance ba ki san an yi ba.

Baba da wasu abokansa na kara sun kawo masu haƙa, an haƙa rami a bayan ofishin malamai. Nan aikin ya tsaya. An ce ba a gini a filin gwamnati sai da izini daga sama, izinin kuma yana hanya. Ruwa ya cika ramin. Bilki ta ce kwaɗi sun riga malamai samun ofis. An yi dariya, ni ban iya ba.

Jiya Malama Amina ta shigo za ta kira sunaye. Ta kira na farko da ƙyar, na biyu da ƙyar. Da ta zo kan nawa ta buɗe baki, babu abin da ya fito sai iska. Ta sake gwadawa. Ta dafa tebur ta dube ni. Tun ranar taro ba ta dube ni ba sai jiya.

Na tashi na je. Amma kafin ta sunkuyo, na ɗauko gorarta daga ƙarƙashin tebur, na buɗe, na sa mata a hannu, na tsaya. Ta girgiza kai. Ban motsa ba. Duk aji ana kallo, babu mai tari. Ta ɗaga ta sha, hawaye yana bin gefen fuskarta. Da aka fita hutun tara, ni da Bilki muka raka ta gidan wata tsohuwa a bayan katanga don ta kewaya. Ni na yi sallamar, don kada ita ta yi.

Daga nan na tsaya a gefenta, tana raɗa mini ina faɗa. Na koma lasifika.

Wannan ne ya hana ni sukuni har na ɗauki wayar Yaya Maryam. In na yi shiru, 'yan ajinmu za su shiga jarrabawa da rabin littafi, kuma yawancinmu ba za a sake biya mana mu maimaita ba. In na ci gaba, duk wanda ya leƙo ta taga zai ga aji yana tafiya lafiya, ya yaba, ya koma. Ita kuma ta ci gaba da daurewa kamar yadda kika daure. Ban sani ba, Malama, ko taimakonta nake yi, ko irin taimakon da na yi miki ne.

Ba babban abu nake roƙa muku ba. Ƙofa mai sakata, da randa a ofis wadda ba a tsoron sha daga cikinta. In likita ya ce malama ta kwanta, a sami mai riƙe mata aji a makon, ba sai an ji ta tafi ke nan ba. Ke kika koya mana cewa shuka ba ta ihu in ta ji ƙishirwa, sai dai mai gona ya lura da ganyenta. Mun rubuta a jarrabawa, mun ci. Kina tsaye a gabanmu a lokacin.

Malamata, ina kewarki. Wani lokacin ina tsakiyar magana a gaban aji sai in ji kafaɗata ta yi sanyi daidai inda kike dafawa. Duk kalmar da ke fita daga bakina da ƙarfi taki ce, aro kika ba ni, ban kuma san yadda zan mayar miki da ita ba.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa wannan ciwo ya zama kankarar zunubi. Ya mayar miki da muryarki, ko da daidai wadda za ki kira Ummi daga ɗaki ta ji. Ya tsare wa Malama Amina tata, domin jaririnta bai gama sanin ta ba. Ya saka miki da Aljanna a kan kowace kalma da kika raɗa mini.

Ban san ko kin yafe mini faɗin maganarki ba, ban kuma san ko kin yarda in sake rubuto miki ba. Ba sai kin wahala da rubutu ba. Ki sa Ummi ta kira lambar Yaya Maryam, ta ajiye wayar a kan wani abu mai tauri kusa da hannunki. In na ji bugu ɗaya, zan yi shiru, kin san na iya shi tun da. In kuwa kin ba ni izini, Malama, ki buga biyu.

Ɗalibarki,
Safiya, ta bencin gaba kusa da taga.